Yaro a Baƙuwar Ƙasa: Tambayoyin da Iyaye Ke Yi Kan Bambancin 'Ya'yansu

Manya ne ke yanke shawarar ƙaura, yara kuwa sai dai su ga ana ɗaure kaya. Uba na can yana fama da takardun zama, uwa na neman inda za a sa kai, shi kuma yaro kafin ya gama wartsake gajiyar hanya an kai shi ajin da babu mai iya faɗin sunansa daidai. Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin iyaye a shekarun farko na zama a wata ƙasa.

Tun da muka iso ɗana ya daina magana a makaranta, alhali a gida surutu gare shi kamar aku. Lafiya kuwa?

Galibi lafiya lau. Patton Tabors, wadda ta yi nazarin ƙananan yara masu koyon harshe na biyu a Amurka, ta bayyana matakai huɗu da sukan bi a littafinta na 1997. Da farko yaro kan ci gaba da magana da harshen gida kamar kowa na jin sa. Idan ya lura ba a gane shi, sai ya yi gum, ya koma nuni da hannu da kallo. Daga nan ya fara jefa kalma ɗaya ko biyu da 'yan jimlolin da ya haddace a filin wasa, kafin ya fara ƙera nasa zancen. Shirun nan na mataki na biyu ba zaman banza ba ne, kunne ne ke aiki. Wani yaron makonni kaɗan yake yi a ciki, wani watanni.

Kada a tsare shi da "ka gaishe su mana" a gaban mutane. Abin da za a sa wa ido shi ne idan shirun ya ɗauki watanni da yawa babu sauƙi, ko ya bi shi har gida, ko kuma an tabbatar ya iya harshen amma bakinsa ya ƙi buɗewa a makaranta. Wannan yana iya zama tsoro ne mai tsanani, kuma yana buƙatar a ga likita.

Ya fara magana da harshen ƙasar tamkar a nan aka haife shi, amma sakamakonsa a makaranta bai taka kara ya karya ba. Me ke faruwa?

Harshen filin wasa daban, harshen littafi daban. Jim Cummins, masanin ilimi a Kanada, shi ya fito da wannan bambanci fili tun ƙarshen shekarun 1970. Hira ta yau da kullum yaro kan same ta cikin kamar shekara biyu. Harshen da ake rubuta jarabawa da shi, a bayyana dalilin abu, a kwatanta, a yi sharhi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin baƙon yaro ya kamo 'yan ajinsa. A tsakanin nan ne ake yawan yi wa yara rashin adalci. Malami ya ji bakin yaro ya goge sai ya ɗauka an gama, idan rubutu ya gaza a ce lalaci ne ko rashin ƙwaƙwalwa. Yaron ma sai ya yarda da hakan. Ku gaya masa a fili cewa aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana koyon darasi yana koyon harshen darasin, sannan ku tambayi makarantar irin taimakon da take ba masu koyon harshe.

An ba mu shawara mu daina magana da harshenmu a gida don kada yaron ya rikice. Mu bi?

A'a. Wannan shawara tsohuwa ce, kuma an daɗe da gano ba ta da tushe. A farkon ƙarni na 20 an yi ta cewa harshe biyu na dagula ƙwaƙwalwar yaro. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara 'yan shekara goma a birnin Montreal, sai ga masu harshe biyu sun zarce masu harshe ɗaya a yawancin gwaje-gwajen. Har yanzu masana na ja-in-ja kan girman wannan fifiko, amma a kan cewa harshe biyu ba ya cutar da yaro, magana ta ƙare. Cakuɗa harsuna a jimla ɗaya ma ba alamar ruɗewa ba ce. Manya masu harshe biyu kullum suna yi.

Abin tsoron yana ɗaya gefen. Harshen ƙasar da kuke zaune ba ya buƙatar taimakonku: makaranta na koya masa, titi na koya masa, talabijin da waya na koya masa. Harshen gida ne maraya, ba shi da kowa sai ku. Lily Wong Fillmore, masaniyar ilimin harshe a Amurka, ta rubuta a 1991 yadda yaran baƙin haure a Amurka ke rasa harshen iyayensu da wuri bayan shiga makaranta, da abin da hakan ke jawowa. A ganina wannan ɓangaren ne iyaye ba sa hangowa sai ya auku. Yau ɗanku ɗan shekara shida ne, zancenku bai wuce "ka ci abinci" da "ka yi wanka" ba, ko da guntun harshen aro za ku iya. To ranar da ya kai sha biyar fa, yana cikin damuwar da ke buƙatar doguwar hira, uwa ba ta da zurfi a harshensa, shi ba shi da zurfi a nata? Ga kakanni a waya, gaisuwa biyu sai a miƙa wa wani.

Idan malami ya nace, ku amsa cikin ladabi cewa kun zaɓi riƙe duka biyun. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 tana bayanku. Sashe na 29 ya ce ilimi ya koya wa yaro girmama iyayensa da harshensa da asalinsa, da ɗabi'un ƙasar da yake zaune, da na ƙasar da ya fito. Ku lura, duka biyun aka ambata, ba a ce ya zaɓi ɗaya ba.

Muna yi masa magana da harshenmu, yana ba mu amsa da na waje.

Ku ci gaba da yi. Jin da yake yi ajiya ce, ranar da ya buƙace ta zai tarar. Abin da ke kashe harshe a bakin yaro shi ne dariya idan ya yi kuskure, da mayar da harshen na faɗa kawai. Idan duk lokacin da ya ji harshen gida to laifi ya yi, don me zai so shi? A yi masa tatsuniya da shi, a yi barkwanci da shi, a haɗa shi da yara sa'anninsa masu jin sa. Yaro ba ya koyon harshe don an ce yana da muhimmanci, sai don akwai wanda yake son magana da shi.

'Yata ta ce a daina kiran ta da sunanta a makaranta, ta zaɓi wani na can.

Kafin a yi fushi, a tambayi abin da ya faru. Ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila kullum idan malama ta zo kan sunanta wajen kiran suna sai ta tsaya, ta yamutsa fuska, aji ya fashe da dariya. Yarinyar ba sunan ta tsana ba, wannan daƙiƙar ta tsana.

Gyaran yana hannun manya. Zuwa da kai ya fi aike: ku je ku sami malamar, ku faɗa mata sunan a hankali, ku rubuta mata yadda ake furta shi da haruffan harshenta. Yawancin malamai za su gode. A gida kuma a ba yarinyar labarin sunan, wa ya zaɓa, me yake nufi, wa ta gada. Suna mai labari ya fi wuyar yarwa. A koya mata 'yar gajeriyar jimla ta gyara wa mutane ba tare da jin kunya ba. In duk da haka ta fi son gajeren laƙabi a tsakanin ƙawayenta, ba abin tada jijiyar wuya ba ne, muddin ita ta zaɓa ba wani ya laƙaba mata don ya huta ba. Sunan yanka yana nan a gida da takardu.

Ya tambaye ni, "Mama, me ya sa fatata ba irin tasu ba ce?" Na rasa abin faɗa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "ai duk ɗaya muke, kada ka damu." Da kyakkyawar niyya ake faɗin ta, amma yaro yana da ido. Ya ga bambancin, an kuma nuna masa ba a son zancen, sai ya ɗauka abin kunya ne. Gara a amsa kai tsaye daidai da shekarunsa. A jikin kowa akwai wani sinadari mai suna melanin da ke ba fata da gashi launi, yana kuma kare fata daga zafin rana. Mutanen da kakanninsu suka zauna inda rana ke da ƙarfi sun fi yawansa. Kai ka gaji naka daga gare mu, mu ma mun gada. Shi ke nan. Sai a bi da tambaya: "Wani ya ce maka wani abu ne?" Sau da yawa ainihin maganar tana bayan tambayar.

Yara na ɗaukar darajar da jama'a ke ba launin fata tun suna ƙanana ƙwarai. A shekarun 1940 Kenneth da Mamie Clark sun nuna wa yara baƙar fata 'yan shekara uku zuwa bakwai a Amurka 'yan tsana farare da baƙaƙe, kuma da yawansu suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Har Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin nasu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Ba wanda ya zaunar da yaran nan ya koya musu, abin da suke gani kullum ne ya koya musu.

Don haka a duba abin da yaro ke gani. Rudine Sims Bishop, masaniyar littattafan yara a Amurka, ta yi wani kwatance a 1990 da ya shahara: littafin yara ko dai madubi ne da yaro zai ga kansa, ko taga da zai leƙa rayuwar wasu. Yaron da ya yi ƙaura tagogi sun yi masa yawa, madubi ne ya yi ƙaranci. A nemo masa littattafai da 'yan tsana da hotuna masu kama da shi, a kuma kai shi inda zai ga manya irinsa suna aikin da ake girmamawa. Sannan mu iyaye mu kula da bakinmu. Idan a gida ana yabon ɗa ɗaya don ya fi haske, ko ana tsaki kullum wajen taje gashi ana cewa ya cika wahala, to ba sai an je makaranta ba.

Yanzu ba ya so in raka shi bakin makaranta, har ya ce in daina magana da ƙarfi a gaban abokansa. Abin ya yi mini ciwo.

Dole ya yi ciwo. Amma ku sani yara masu tasowa a ko'ina suna jin kunyar iyayensu, har waɗanda ba su taɓa barin unguwarsu ba. Na ɗanku ya ƙaru ne don tufafinku da lafazinku suna tuna wa abokansa abin da yake ƙoƙarin sa su manta. Kada a mayar da abin gori, "don kai muka baro gida." Wannan nauyi ya fi ƙarfin wuyan yaro. Ana iya yi masa sassauci a kan ƙananan abubuwa, a tsaya nesa kaɗan da ƙofa, amma a ja layi a kan raini. Wata dabara da ke aiki ita ce a buɗe wa abokansa ƙofar gida. Abin da yake ɓoyewa don yana tsoron za a yi masa dariya, sau da yawa shi ne abokan za su yi ta santi a kai.

Yaya zan bambance tsokanar yara da wariya, kuma me zan yi?

Tambayar son sani, irin "me ya sa kake cin wannan?", ba ƙiyayya ba ce, kuma yaro zai iya koyon amsa ta a taƙaice ya wuce. Amma idan abu na maimaituwa, ana yi don ya ji zafi, ana haɗa baki a ware shi, ko ana zagin launinsa ko addininsa ko ƙasarsa, wannan zalunci ne.

Abu na farko, a yarda da shi. "Ƙyale su kawai" da "kai ma me ka yi musu?" suna rufe bakin yaro, gobe ba zai faɗa ba. A rubuta abin da ya faru, rana da wuri da wanda ya gani, a ajiye saƙonnin waya idan akwai. A fara da malamin aji, in ba a ga canji ba a kai wa shugaban makaranta a rubuce, a nemi a ga ƙa'idar makarantar kan cin zali. Ƙasashe da dama suna da doka a kai. A Ingila Dokar Daidaito ta 2010 ta hana makarantu nuna wariya saboda launin fata ko addini, a Amurka kuma Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariya saboda launi ko ƙasar asali. Baƙo yakan ji tsoron kai ƙara don kada a ce ya cika fitina. Amma yaron yana kallo, kuma daga yadda kuka tsaya masa zai auna darajar kansa.

Ba zai fi masa sauƙi ba mu bar shi ya saje gaba ɗaya? Ai an ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Karin maganar gaskiya ce, amma ba ta ce ka yanke kanka don ka ɗaura jela ba. John Berry, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, ya kasa hanyoyin da baƙo ke bi gida huɗu: ya riƙe nasa ya kuma shiga na masu gari, ya yar da nasa ya rungumi nasu, ya ƙanƙame nasa ya guji nasu, ko ya rasa duka biyun. Shi da abokan aikinsa sun wallafa wani babban bincike a 2006 kan matasa baƙi sama da 5,000 a ƙasashe 13. Waɗanda suka haɗa biyun su suka fi kwanciyar hankali da dacewa a makaranta. Waɗanda ba su nan ba su can su suka fi shan wahala. Wani abin lura shi ne masu yar da nasu don su saje ba su sami sauƙin da ake zato ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro na iya sauya lafazi da tufafi da suna, amma wata rana wani zai tuna masa cewa shi baƙo ne. Idan ranar ta zo ba shi da wani abu nasa da zai jingina da shi, ina zai dafa?

Sai dai tsoron wannan kan tura wasu iyayen ɗaya ramin. Su kulle yaro, ba aboki sai ɗan ƙasarsu, kullum ana kushe masu gari a gabansa, "mutanen nan ba su da tarbiyya." To malamarsa da yake so tana cikin mutanen nan, babban abokinsa ma haka. Yaron da aka tilasta wa zaɓi tsakanin gida da waje yakan koyi fuska biyu, ya zama wani a gida wani a titi, iyaye su zama na ƙarshen sani. Abin da ya fi shi ne ku zauna ku biyu, uwa da uba, ku tantance abin da ba za ku sassauta a kai ba. Za ku ga bai kai yawan da kuke zato ba. Sauran a bar masa sarari, a kuma bayyana masa dalilin kowace iyaka, don a makaranta ana koya masa tambayar dalili.

Wane shekaru ne ƙaura ta fi wuya?

Ƙanana sun fi saurin ɗaukar harshe da sabo, kuma su suka fi saurin mantuwa da na gida. Matasa sun fi riƙe na gida, amma su suka baro abokai a daidai lokacin da aboki ya fi komai, ga jarabawa na jiran su da harshen da ba su gama iyawa ba. 'Yan gida ɗaya ma kowa da tafiyarsa, kada a auna wani da wani.

Ɗiyarmu ta fi mu iya harshen, ita ke mana tafinta. Akwai laifi?

A kasuwa ko wajen karanta alamar hanya babu laifi, har takan ji daɗin cewa tana da amfani, ku kuma gode mata. Amma ban da asibiti, ban da ofishin shige da fice, ban da maganar bashi ko taron da za a tattauna halinta ita kanta a makaranta. Bai dace 'yar shekara goma ta zama ita ce za ta fara jin sakamakon gwajin mahaifiyarta ba, balle ta nemo kalmar da za ta faɗa mata. A irin waɗannan wurare ku nemi tafinta babba, asibitoci da ofisoshin gwamnati da yawa suna bayarwa idan an tambaya. Alejandro Portes da Rubén Rumbaut, da suka bi rayuwar 'ya'yan baƙin haure a Amurka, sun nuna cewa idan yara suka yi wa iyaye nisa a harshe da sanin gari, ragamar gida kan juye, maganar iyaye ta rage nauyi. Maganin shi ne ku ma ku shiga ajin koyon harshen, ko da da yamma ne.

Mun kai shi hutu gida, 'yan uwa suka yi ta ce masa baƙo. Ya dawo yana tambaya shi ɗan ina ne.

Wannan ta fi tsokanar makaranta zafi, don daga inda ya sa ran karɓuwa ta fito. Kafin tafiya a ja kunnen dangi su bar dariyar lafazinsa. Tambayar tasa kuwa ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1950 Ruth Hill Useem, da ta yi nazarin iyalan Amurkawa mazauna Indiya, ta kira irin waɗannan yara 'ya'yan al'ada ta uku: ba ta iyayensu zalla ba, ba ta masu gari zalla ba, wata ce da suka haɗa da kansu. Kada ku ba shi amsa ɗaya ku ce ya haddace. Yana iya cewa an haife ni can, na girma nan, duka nawa ne. Amsar tasa za ta sauya yana ɗan takwas, ta sake sauyawa yana ɗan sha takwas.

Yaushe kewa ke zama abin kai wa likita?

Kuka, fushi, komawa fitsarin kwance, manne wa uwa, ciwon ciki da safe idan za a tafi makaranta, duk ana ganin su a watannin farko. A bar shi ya yi kewar abin da ya baro ba tare da an ce "ai nan ya fi" ba. A tsayar da lokacin barci da na cin abinci, a sa ranar kiran tsofaffin abokai da kakanni. Idan abin ya ƙi lafawa ko yana ƙaruwa, ya daina cin abinci ko barci, ya daina wasan da yake so, yana ƙin makaranta kwata-kwata, to a ga likita ko mai ba da shawara na makaranta. Haka ma yaron da ya ga tashin hankali kafin ƙaura ko a kan hanya, ko da yanzu ya yi kamar ya manta. Idan kuwa ya ambaci cutar da kansa ko son mutuwa, ba a jira gobe, a ranar za a nemi taimako.